Yadda matashi a Sikotland zai kafa kansa a fim da talabijin

Yawancin 'yan wasan Sikotland da duniya ta sani a kan dandamali suka fara kafin su tsaya gaban kyamara. Mai shekara 14 ko 15 ya nemi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a garinsu, ko ya nufi Scottish Youth Theatre da ke Glasgow. Ana yawan kafa hujja da Martin Compston, wanda daraktan fim Ken Loach ya ɗauko daga makaranta a Greenock ya ba shi matsayin jarumin fim ɗin Sweet Sixteen na 2002 alhali bai taɓa wasa ba. Gaskiya ne hakan ya faru, amma kada ka ɗora shirinka a kan irin wannan sa'ar. Wanda bai kai shekarun barin makaranta ba kuwa, aikin da za a biya shi sai da lasisi daga hukumar yankinsu. Furodusa ne ke nema, aƙalla kwana 21 kafin fara aiki, kuma dole a sami mahaifi ko wani mai rakiya da hukuma ta amince da shi.

Babbar makarantar horo ita ce Royal Conservatoire of Scotland a Glasgow, inda David Tennant, James McAvoy, Sam Heughan da Ncuti Gatwa suka yi karatu. Digirin wasan shekara 3 ne, ana nema ta UCAS Conservatoires, tsarin neman gurbin karatu ta intanet, kuma gwajin wasa ne ke yanke hukunci. Mazaunin Sikotland da ya cika sharuɗɗa, hukumar SAAS ke biya masa kuɗin makaranta. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, saboda haka in ba a ɗauke ka a karon farko ba ka sake nema baɗi. Ribar makarantar ba a aji kaɗai take ba: a shekarar ƙarshe ake gabatar da ɗalibai gaban ejan-ejan, wato masu nemo wa 'yan wasa aiki, da masu zaɓen 'yan wasa.

Daga nan sai kayan aiki. Hoton fuska ya nuna ka yadda kake yau, ba tare da gyaran kwamfuta ba, domin mai zaɓe yana jin haushi in wanda ya shigo ɗakin gwaji ya bambanta da na cikin hoto. Bidiyon samfurin ayyukanka kada ya wuce minti 3, ka sa wanda ya fi ƙarfi a farko. In ba ka da komai tukuna, fina-finan ɗalibai za su ba ka abin sawa. Sai rajista da Spotlight, kundin da masu zaɓe a Birtaniya ke dubawa tun 1927. Suna neman shaidar horo ko ta aikin da aka biya ka. Ejan na gaskiya yana cire kasonsa ne bayan an biya ka, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin ya samo maka aiki, ko ya ce lallai sai wajen mai hotonsa, ka rabu da shi.

Yanzu gwajin farko yawanci kai za ka ɗauka da kanka ka tura, kuma a nan mutane da yawa ke zubar da damarsu. Waya ta isa. Ka kwantar da ita a faɗi, daidai tsayin ido, hoton ya kama daga ƙirji zuwa saman kai. Bangon bayanka ya zama wayam, haske ya fito daga gabanka. In taga tana bayanka fuskar za ta yi duhu. Mai karanta maka ɗaya ɓangaren ya tsaya dab da kyamara ya sassauta murya, don ya fi ka kusa da makirfo, in ya ɗaga zai danne ka. Shi za ka riƙa kallo, ba idon kyamara ba. Ka rage motsi da ƙarfin murya irin na dandamali, kyamara tana ganin ƙiftawar ido. Ka haddace, ka ɗauka sau 3 ko 4, ka zaɓi ɗaya. Maimaici mai yawa yana kashe wasa. Sunan fayil da lokacin turawa, ka bi umarnin da aka ba ka daidai.

Karin harshe ya cancanci a tsaya a kansa. Naka na gida jari ne, kada ka yarda a kankare maka shi. Na Glasgow daban, na Aberdeen daban, kuma masu zaɓe na cikin ƙasar suna gane na bogi nan take. Amma da shi kaɗai ayyuka za su taƙaita. Ka koyi daidaitaccen Turancin kudancin Ingila da na Amurka har ka iya hira da su ba tare da rubutu ba, kafin ka lissafa su a shafinka. Mai jin harshen Gaelik yana da ƙarin ƙofa a tashar talabijin ta BBC Alba.

Kada ka yi gaggawar komawa Landan. Haya a can tana cinye ɗan abin da sabon ɗan wasa ke samu, jirgin ƙasa daga Glasgow kuwa kimanin awa 4 da rabi ne in an kira ka. A gida akwai gidajen wasan kwaikwayo irin su Citizens da Òran Mór a Glasgow, Traverse a Edinburgh, Dundee Rep, da bikin wasanni na Fringe a Edinburgh duk watan Agusta. Akwai kuma situdiyon Wardpark a Cumbernauld inda aka ɗauki shirin talabijin na Outlander.

Ka shiga Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, domin ita ke da yarjejeniyar mafi ƙarancin albashi da masu shirya fina-finai, kuma tana duba kwantiragin mambobinta. Ka lura da sashen da ya bayyana inda za a nuna aikin da tsawon lokacin. Hukumar haraji ta HMRC galibi tana ɗaukar ɗan wasa a matsayin mai aikin kansa: shekarar haraji tana ƙarewa 5 ga Afrilu, a miƙa bayanai ta intanet kafin 31 ga Janairu ya wuce. Ka ajiye rasitin hoto, na tafiya gwaji da na kason ejan, kuma ka ware wani abu daga kowane biya tun ranar da ya shigo.