Yadda za ka saurari faifan Brothers and Sisters ka ba rayayyu haƙƙinsu

Idan kana so ka ji daɗin Brothers and Sisters, faifan da ƙungiyar Allman Brothers Band ta fitar a watan Agustan 1973, kada ka fara da shi. Ka ajiye shi tukuna. Faifai ne da mutanen da suka binne 'yan uwansu biyu cikin wata goma sha uku suka yi, kuma wanda bai san abin da aka rasa ba, ba zai gane nauyin abin da aka ɗauka ba. Na daɗe ina sauraron kiɗan rok na kudancin Amurka, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jin mutum ya ce wai ƙungiyar ta mutu ranar da Duane Allman ya mutu. Ba ta mutu ba. Ga hanyar da nake bi da duk wanda na ɗora a kan wannan faifai.

Da farko ka san su waye. Su shida ne suka haɗu a Jacksonville ta jihar Fulorida a 1969, sannan suka tare a garin Macon na jihar Jojiya, inda kamfanin faifai na Capricorn yake. Duane Allman da Dickey Betts a kan jita, Gregg ƙanin Duane a kan ogan da waƙa, Berry Oakley a kan jitar bes mai kaurin murya, sai makaɗan ganga biyu, Butch Trucks da Jaimoe. Jaimoe baƙar fata ne, ya taɓa yi wa shahararren mawaƙi Otis Redding kiɗa, kuma a kudancin Amurka na wancan lokaci ganin baƙi da farare masu dogon gashi cikin mota ɗaya suna yawon wasa ba ƙaramin abu ba ne. Ka riƙe sunayen nan shida, domin duk sauraron da za ka yi lissafin wanda yake nan ne da wanda babu.

Darenka na farko na saurare na faifansu At Fillmore East ne, wanda aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a a New York cikin Maris 1971. Ka nemi iyafis mai kunne biyu masu aiki. Lasifikar waya ba za ta yi ba, tana haɗiye bes, tana cakuɗa jitocin biyu su zama ɗaya, alhali duk sirrin ƙungiyar yana cikin rabuwarsu. Da iyafis za ka ji jita ɗaya ta karkata kunne guda, ɗayar ta karkata ɗaya kunnen. Sa "Statesboro Blues". Wannan sautin da yake zamewa yana kuka kamar muryar mutum, Duane ne, ya zura 'yar kwalbar magani ta gilashi a yatsa yana jan ta a kan tsirkiya. Daga nan ka wuce "In Memory of Elizabeth Reed", kiɗa ne zalla na kusan minti 13 wanda Betts ya tsara. Kada ka damu da wanda ya fi wani. Ka lura da yadda jitocin biyu suke ɗaukar zare ɗaya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan su rabu kowa ya yi nasa zancen. Ka kuma sa kunne ga Oakley. Yawancin masu bes suna tsayawa baya suna riƙe ƙugun kiɗa, shi kuwa yawo yake yi, yana shiga tsakanin jitocin yana ba su amsa.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan fitar wannan faifai, ranar 29 ga Oktoba 1971, Duane ya yi hatsari a kan babur a Macon ya rasu yana da shekara 24. Sauran biyar ɗin suka ƙi ɗauko kowa. Suka ƙarasa Eat a Peach, ya fito a Fabrairun 1972, wani ɓangare da Duane, wani babu shi. A nan waƙoƙi biyu kawai nake so ka ji kafin ka ci gaba. "Blue Sky", wadda Betts ya rera da bakinsa kuma Duane yana ciki, da "Ain't Wastin' Time No More", wadda Gregg ya yi bayan rasuwar wansa. Ta farkon tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce shaidar cewa wannan haske mai ɗanɗanon kantiri, kiɗan karkarar Amurka, da za ka tarar a gaba ba bayan Duane aka ƙirƙiro shi ba. Yana raye aka fara shi, da hannunsa a ciki.

Yanzu ka ɗauko Brothers and Sisters. Waƙoƙi bakwai ne, huɗu a fuskar farko, uku a ta biyu, kuma ka ji su a jere yadda aka tsara, kada ka bar manhaja ta yi maka tsalle-tsalle. Dalili shi ne mutuwa ta biyu tana cikin jerin. Ana tsakiyar aikin faifan, ranar 11 ga Nuwamba 1972, Berry Oakley ya yi karo da motar bas a kan babur, 'yan layuka kaɗan daga inda Duane ya faɗi. Ya tashi ya ce ba sai an kai shi asibiti ba, ya tafi gida, bayan 'yan sa'o'i ciwon da ya ji a ka ya tafi da shi. Shi ma shekararsa 24. Suna kwance kusa da juna a maƙabartar Rose Hill. Waƙoƙi biyun farko, "Wasted Words" da "Ramblin' Man", da Oakley aka yi su. Daga ta uku, "Come and Go Blues", hannun Lamar Williams ne, abokin Jaimoe tun ƙuruciya daga Mississippi.

Saboda haka a saurare na farko ka bi bes kawai. Ka manta da waƙar, ka manta da jita. Ka ji yadda Oakley yake tura kiɗan gaba a biyun farko, sannan ka ji yadda ƙasa take sauyawa a ta uku. Williams ya fi zama daram, ya fi manne wa ganguna, ba ya yawan fita yawo. Ni ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Makaɗan ganga biyu sun sami wanda ya riƙe musu tsakiya, sai suka sake jiki, kuma za ka ji hakan sarai a "Southbound".

A saurare na biyu ka bi fiyano, kuma a nan ne zan daɗe, don a nan hikimar faifan take. Abu mafi sauƙi da za su yi shi ne su nemo wani gwanin jita, su zura masa kwalba a yatsa, su tsayar da shi inda Duane yake tsayawa. Da sun yi haka, da sun zalunci yaron, sun zalunci kansu, domin kowane dare jama'a za su riƙa auna shi da mamaci. Mu ma mun san wannan a gida: idan babban makaɗi ya rasu, ƙaninsa ko ɗansa ya gaji 'yan amshi, in ya nace sai ya kwaikwayi muryar marigayi, abin da masu sauraro suke ji kawai shi ne ba shi ba ne. Su sai suka kawo Chuck Leavell, saurayi ɗan shekara 20 mai kaɗa fiyano, wanda suka haɗu da shi lokacin da Gregg yake aikin faifansa na kansa, Laid Back. Ba wanda zai ce fiyano ya kasa yin kukan kwalbar Duane, tunda ba aikinsa ba ne. Amma yana iya yin ɗayan aikin, wato ya zama abokin zancen Betts.

Je ka "Jessica", ta shida. Kiɗa ne ba waƙa, minti bakwai da rabi, Betts ya sa masa sunan 'yarsa, kuma ya tsara zaren ne yadda za a iya kaɗa shi da yatsu biyu, don girmama Django Reinhardt, gwanin jitar nan na Faransa da wuta ta lalata wa yatsu biyu na hannun hagu. Jita marar lantarki ce take buɗewa, ta Les Dudek, baƙon da aka gayyato. Da babban zaren ya shigo, ka kasa kunne da kyau: ba jita kaɗai ba ce, akwai fiyano da ogan da suke tafiya tare da ita, suna cike gurbin da jita ta biyu take cikewa a da. Bayan minti biyu da wani abu sai kowa ya ja baya, ganguna su rage, Leavell ya shigo shi kaɗai. Yana farawa a hankali, yana hawa, yana hawa, har ya miƙa wa Betts a daidai inda ya kamata. Wannan miƙawar ita nake maimaitawa fiye da komai a faifan. In ka taɓa kallon shirin motoci na Top Gear na BBC, ka san zaren, don shi aka yi wa shirin take da shi, sai dai can guntunsa kawai aka riƙa sawa.

Akwai abin da za ka ji wanda zai iya dame ka, gara in faɗa maka tun yanzu. Ragamar ta koma hannun Betts. Huɗu daga cikin bakwai shi ya rubuta, kuma shi ɗan kiɗan kantiri ne a jininsa, don haka duhun buluz da dogon yawon kiɗa mai kama da jaz da ka ji a Fillmore sun ragu. "Ramblin' Man" ita ce ta fi nisa da tsohon salon, har su kansu sun yi jinkirin ɗaukar ta don suna ganin ta cika kantiri. Ita ce kuma ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, faifan kuma ya yi mako biyar a matsayi na 1, abin da ba su taɓa samu ba lokacin Duane. Wasu suna riƙe wannan nasara a matsayin laifi. Ni ina cewa ka saurari ƙarshen waƙar, inda Betts da Dudek suka jera jitoci bisa jitoci suna zagaya zare ɗaya, ka gaya mini ko wannan aikin masu neman kasuwa ne kawai.

Ba duka ne ya yi daidai ba. "Jelly Jelly" buluz ne mai tafiyar hawainiya, Gregg ya rera shi da kyau, amma a nan ne kaɗai nake jin ɗakin ya yi faɗi, ana jiran wani ya amsa bai amsa ba. A "Wasted Words" Betts ya ɗauki aikin jan kwalba da kansa saboda dole, ya yi shi da mutunci, sai dai hannunsa ya fi sakewa a "Pony Boy", ta ƙarshe, inda yake zaune da jita marar lantarki ba ya bin sawun kowa.

Kafin ka rufe, ka nemo hoton bangon faifan a intanet. Ba hoton makaɗa a gaba. Yaro ne ƙarami a tsaye cikin busassun ganyaye, ɗan Butch Trucks, a bangon baya kuma 'yar Berry Oakley. A ciki akwai hoton taron iyalansu da ma'aikatansu a barandar gidan gona, kuma faifan Oakley aka sadaukar wa.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji na gaskiya, kiɗa ɗaya a hannun ƙungiya biyu. A 1976 an fitar da faifan wasanninsu na kai tsaye mai suna Wipe the Windows, Check the Oil, Dollar Gas, kuma a ciki akwai "In Memory of Elizabeth Reed" da aka ɗauka a San Francisco a 1973, da Leavell da Williams. Sa ta Fillmore, ka huta kaɗan, sannan ka sa wannan. Fiyanon lantarki ne yake ɗaukar rabon da jita ta biyu take ɗauka a da, kiɗan ya fi sanyi, ya fi karkata wajen jaz, kuma Jaimoe da Williams suna jin juna irin jin waɗanda suka taso tare. Ka ware wajen rabin sa'a don su biyun, a lokacin da ba wanda zai kira ka.