Yadda Ake Ziyartar Magangarar Ruwan Arinta Daga Legas

Duk yawan ruwan da ya kewaye Legas, babu inda yake zubowa daga kan dutse, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Saboda haka mazaunin Agege ko Idi-Araba da ke kewar magangarar ruwa irin Gurara ko Matsirga ta Kafanchan sai ya yi tattaki. Yawancin mutane Erin-Ijesha ta jihar Osun suke nufa, amma a ganina Arinta, wadda ke garin Ipole-Iloro a jihar Ekiti, ta fi dacewa da mai iyali, saboda ba ta kai waccan suna ba, ba ta kuma kai ta cunkoso ba.

A yi sammako. Wanda ya bar gida da idar da sallar asuba zai wuce Berger da Kara kafin hanya ta cushe, ya miƙe zuwa Ibadan, daga nan ya bi ta Ife da Ilesha ya nufi Ikogosi, wadda ke maƙwabtaka da Ipole-Iloro. Marar mota zai samu ta haya a tashar Ojota, sai dai ƙarshen tafiyar yakan buƙaci ɗan acaba, kuma ya kyautu a daidaita da shi kan kuɗin zuwa da dawowa tun kafin a hau. Tafiyar tana cin kusan rabin yini, don haka kwana ɗaya a Ikogosi ya fi tuƙin dare, ga shi kuma za a ga inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa.

Lokacin zuwa shi ne abin da ya fi buƙatar tunani. A tsakiyar damina ruwan yana zubowa da ƙarfi har sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, amma duwatsun sukan yi gansakuka, santsinsu kamar an zuba miyar kuɓewa. Da rani kuwa ruwan yakan ragu. Wajen watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwan sama, ana samun ruwan a daidaice, santsin duwatsun kuma ya ragu.

Silifas ɗin wanka da takalmin fata mai sulɓi ba su da amfani a nan. A sa kambas mai kama ƙasa. Babbar riga ma a bar ta a mota. A ƙulle waya cikin leda, domin feshin ruwan yana jiƙa aljihu tun mutum bai matsa kusa ba, a kuma riƙe tsabar kuɗi saboda kuɗin shiga, kada a dogara da tiransifa a cikin daji. Idan ruwan ya fara canza launi zuwa ja, ko ya soma kawo ganye da ƙirare, alama ce an yi ruwa a saman tudu, sai a janye yara a koma gefe ba tare da jinkiri ba.

A tafi da guzuri da tabarmar salla, a kwaso ledoji da robobin da aka yi amfani da su, a kuma fito daga dajin kafin la'asar ta yi sanyi.