Ga ƴaran da suka samu admishon amma babu kuɗin makaranta

Jama'a salamu alaikum. Wannan shawara ce ga ƙannenmu da su ne na farko a gidansu da za su shiga jami'a, ko Unijos ko poli, iyaye ba su san hanya ba balle su nuna musu.

Ku nemi bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu. Tun 2024 aka fara, babu ruwa a kai, kuɗin makaranta kai tsaye suke turawa makarantar, kai kuma a ba ka 20,000 duk wata na kashewa. Biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa.

Amma don Allah kafin ka zauna cike fom ɗin neman bashin ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne a NIN da BVN da JAMB. Yaron maƙwabcinmu a Unguwar Rogo, Muhammad a nan, Mohammed a can, wallahi sai da ya yi ta zirga-zirga tsakanin banki da ofishin NIN kafin abu ya daidaita. Kuma da kanka za ka cike a waya, kada ka ba wani ɗan kafe ko sisi wai zai saka ka a layi, kyauta ne.