Kafin a ce rikicin tsufa ne, a auna bitamin B12

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan dattijo a gida ya fara yawan mantuwa, yana maimaita tambaya ɗaya, ko yana kukan tafin ƙafarsa na yi masa kamar ana tsira masa allura, kada a yi gaggawar cewa rikicin tsufa ne. A kai shi asibiti a auna bitamin B12 a jininsa, domin ƙarancinsa yana kawo ruɗewa mai kama da ciwon mantuwa, alhali shi yana jin magani idan an gano shi da wuri.

Cikin tsoho ba ya tsotsar wannan bitamin kamar na matashi, kuma masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin sun fi fuskantar matsalar. Tuwo da miyar kuka zalla ba su da shi. Ana samunsa a hanta, kifi, ƙwai da nono. Wanda haƙoransa suka zube, a daka masa busasshen kifi a miya, ko a dama masa fura da kindirmo.

Kada a saya masa ƙwayar folik asid ba da izinin likita ba, saboda tana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ke kawowa yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa.