Kurakuran da Ke Ɓata Gashi da Fatar Tumaki

Na gaji da ganin samari suna jawo rago kasuwar dabbobi a Garwa ta Kamaru, gashi duk ya mimmiƙe, fata ta yi ɓawo, sannan su koma gida suna cewa dillali ya cuce su. Shi dillali da hannu yake ciniki. Ya shafa gadon baya, ya buɗe gashi, ya leƙa fatar ido, kafin ka ce uffan ya san irin kiwon da ka yi.

Tumakinmu, uda da balami da ƙananan nan na duwatsun Mandara, gashi gare su, ba ulu ba. Ulu sai irin merino da asalinsa yake Sifen, ko tumakin Masina na ƙasar Mali. Wanda ya ce maka wata allura za ta mai da gashin uda ulu, aljihunka yake hari. Abin da kiwo mai kyau ke bayarwa shi ne gashi kwantacce mai sheƙi, da fatar da majeman Marwa za su karɓa ba musu.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ni na tafka shi. Shekara uku a jere, layya na zuwa sai in sayar da ragon da ya fi kyau, in bar wanda ba a ko taya ba. Shi ya yi ta barbarar garken, har da 'ya'yansa. Sai ga 'yan tumaki ƙanana, gashi kaushi kamar tsintsiya, ciwo kaɗan su kwanta. Kawuna ya leƙa turken ya ce, "Ɗana, ka cinye iri ka shuka ƙaiƙayi." Tun ranar ragon barbara ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya. Bayan shekara biyu nakan musanya shi da na wani garke mai nisa.

Sai ƙazuwa. Don Allah wa ya koya muku shafa wa dabba baƙin man mota? Na taɓa bin wannan shawara, tunkiya ta lashe ta daina cin abinci, fatar kuma da aka kai majema aka maido mini da ita. Ƙaramin ƙwaro ne ke kawo ƙazuwa. Ni allurar ibamektin nake sa a yi, a maimaita bayan mako biyu, don ta farko ba ta kashe ƙwai. Duk garken nake yi wa, in share turke in ƙone shara. Kuma ku daina kiran kowane ɓawo ƙazuwa! Kirci, mai tasowa da damina ya haɗe gashi dunƙule-dunƙule, maganinsa daban, sai malamin dabbobi ya duba.

Maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta, amma ban da albendazol ga tunkiya mai sabon ciki. Ƙulin auduga kada ya zama shi kaɗai ne abinci, a haɗa da harawa da dusa da ɗan kanwa. Rigakafin annobar awaki da tumaki a nan Bokle kusa da Garwa ake haɗa shi, a LANAVET, cibiyar gwaji da haɗa rigakafin dabbobi ta ƙasa, saboda haka ba uzuri. Sabuwar dabba daga kasuwa kuwa, mako biyu take yi a bayan ɗaki ita kaɗai kafin in bari ta shaƙi 'yan uwanta.