Yadda ake lulluɓe tsohon kambas da atamfa

Jama'a, in tafin kambas ɗinku bai tsage ba, kada ku yar. Rabin yadin atamfa ya isa ƙafa biyu, amma a fara wanke ta a goge, don sitacin sabon yadi yana hana gam kamawa.

A zare igiya, a wanke takalmin ya bushe sarai, a cusa takarda ciki ya tsaya. A manna salatif na takarda a kowane ɓangare, a bi layin ɗinki da biro, a ɓare. Ma'auni ke nan. Wajen yanka a ƙara santimita 1 na kalmasa, kuma a kifa ma'aunin kafin a yanka na ɗaya ƙafar.

Gam na shumeka ake so. Sufa gulu na sandarar da yadi, ya karye wurin lanƙwasar yatsu. A shafa kaɗan-kaɗan jikin takalmin da bayan yadin, a jira minti 10 ya daina kama yatsa. In ya yi yawa zai ɓullo ta fuskar atamfar, tabon kuma ba ya fita. A manna daga tsakiya zuwa gefe, a tsattsaga bakin yadin wurin kwanar dunduniya don kada ya tattare. Ramukan igiya a huda su bayan awa 24.