Yadda Ake Fahimtar Da Ƙananan Yara Bambancin Zargi Da Laifi

Yaro ɗan shekara 4 zuwa 7 idan ya ga 'yan sanda sun tafi da mutum, a wurinsa magana ta ƙare, ɓarawo ne. Abin da ake so ya gane shi ne kamu daban, hukunci daban.

A fara da tambayarsa me ya gani, me ya ji. Daga amsarsa za a gane inda ya ɗauki abin a karkace, ba sai an ɗora masa labarin da bai tambaya ba.

Sai a kawo misali daga cikin gida. Kuɗin cefane sun ɓace, ƙanwarsa ta ce shi ya ɗauka. A tambaye shi: "Don ta faɗa, shi ke nan ka zama ɓarawo?" Da sauri zai ce a'a. A nan za a ba shi kalmomi uku, zargi, shaida da hukunci, kuma a daɗe a kansu, domin su ne tushen maganar. Ko manya ma sukan manta da su idan aka yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Ga yaro kuwa, a ce: "Sai alƙali ya saurari kowa tukuna."

Mutanen kotu a taƙaita su. Ɗan sanda yana bincike, mai gabatar da ƙara yana kawo shaidu, lauya yana kare wanda ake tuhuma, alƙali yana yanke hukunci. Beli kuma komawa gida ne kafin a gama shari'a, ba wankewa ba ce.

Zai iya tambaya, "Ni ma za a kama ni?" A kwantar masa da hankali. A dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, abin da yaron da bai kai shekara 7 ba ya aikata ba ya zama laifi. Kada kuma a riƙa razana shi da ɗan sanda idan ya ƙi cin abinci, don ranar da ya ɓace a hanya gudun ɗan sandan zai yi.

Idan ɗan uwa ne aka tsare, kada a ce masa "ya yi tafiya". Zai ji gaskiyar a bakin yaran unguwa, kuma da gori. A gaya masa inda yake, da cewa ana jiran ranar zaman kotu, kuma abin da ya faru ba laifinsa ba ne shi yaron.